Tafkunan Amurka Da Su Ke Daskarewa Da Hunturu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, don in ba 'yan'uwana masu karatu labarin abin da na gani da idona a bakin wani tafki a ƙasar Amurka.

A yankin iyakar Amurka da Kanada akwai manyan tafkuna biyar na ruwan daɗi, su ne Sufiriya, Mishigan, Huron, Eri da Ontariyo. Duk a haɗe su ke, wani na zuba wa wani, har ruwan ya faɗa Kogin Sen Lorens ya tafi teku. Masana sun ce wajen kashi ɗaya cikin biyar na ruwan daɗin da ke kwance bisa doron ƙasa yana cikinsu.

Cikin watan Fabrairu na 1914 ba a haife ni ba, amma cikin Fabrairu na 2014 Allah ya kai ni bakin Tafkin Eri, a jihar Ohayo. Tsawonsa mil 241, faɗinsa mil 57. Da na tsaya na duba, ban ga ruwa ko kaɗan ba, sai wani farin fili fetal har iyakar ganina. Can na hangi mutane sun kakkafa 'yan bukkoki a bisansa, sun huda ƙanƙara sun zura ƙugiya suna kamun kifi. Mai masaukina ya ce in taka. Na taka, amma gabana na faɗuwa. A wannan shekara ƙanƙara ta rufe fiye da kashi 92 cikin 100 na tafkunan nan biyar, kaɗan ya rage ta kai ta 1979 wadda ta kusa kashi 95.

Na tambaye shi, ƙaƙa Eri da ya fi kusa da kudu ya kan riga Sufiriya na arewa daskarewa? Ya ce asirin yana ga zurfi. Inda Eri ya fi zurfi ƙafa 210 ne kawai, na Sufiriya kuwa ƙafa 1,333. Sai na tuna da kunu: na cikin ƙoƙo ya kan huce tun na tukunya yana tururi. Ruwa mai zurfi ya kan daɗe yana riƙe da zafin da ya sha da bazara, don haka Ontariyo ma, da ya ke mai zurfi ne, da wuya ya daskare duka. Ƙanƙara kuwa ta fi ruwa rashin nauyi, sai ta tsaya a sama kamar murfi, kifaye na ta harkarsu a ƙasa. Ikon Allah ke nan.

To, jama'a, ga inda hatsarin ya ke. Ƙanƙarar nan ba ta da alkawari. A ƙa'idarsu ba a taka ta sai kaurinta ya kai inci huɗu, amma ko mai kauri iska ta kan tsaga ta. Cikin Fabrairu na 2009, kusa da inda na tsaya, wani makeken ɓangare ya ɓalle daga gaɓa da masunta a kai. Sai da jiragen sama da na ruwa aka ceto mutum 134, ɗaya ya rasu. Kuma shekaru ba ɗaya su ke ba: a 2002 abin da ya daskare bai wuce kashi 12 ba, a 2024 ma kaɗan ƙwarai aka samu. In tafki ya kwana a buɗe, iska mai sanyi ta kan kwashi danshinsa ta juye shi dusar ƙanƙara a kan garuruwa irin su Bafalo, igiyar ruwa kuma ta yi ta cin gaɓa.

Wannan ya sa na tuna Tafkin Chadi namu. Wajen 1963 faɗinsa ya yi kusa da na Eri, amma da ya ke ba shi da zurfi, fari ya janye shi nan da nan. Ashe tafki marar zurfi shi ne farkon jin canjin yanayi, ko sanyi ko zafi. Ina roƙon malaman makaranta, in suna koya wa yara labarin ƙasa, kada su tsaya ga faɗin tafki a taswira kaɗai, su faɗa musu zurfinsa kuma.

Allah ya ƙara mana sani mai amfani, amin. Wassalam.

Ni ne naka,
Wani Matafiyi.