Tsofaffin Tukwanen Ƙarfe A Fadan Kaje

Fadan Kaje tana kusa da Zonkwa, cikin ƙaramar hukumar Zangon Kataf, a ƙasar mutanen da Hausawa suka daɗe suna kira Kaje, su kuwa sunan da suke kiran kansu shi ne Bajju. Wanda ya zo nan ranar biki, ya zaga bayan gida inda mata ke tuƙa tuwo, zai ga tukwane jere, hayaƙi ya mai da su baƙi ƙirin. A ido duk ɗaya suke, amma wata bara aka zuba ta, wata kuwa ta girmi mai tuƙin da uwar da ta haife ta.

Ba baƙon abu ba ne ƙarfe a wannan yanki, don kuwa garin Nok, inda masu haƙar kuza suka fara tono gumakan yumɓu a 1928, yana nan kudancin Kaduna, kuma mutanen wancan zamani sun san sarrafa tama fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Sai dai maƙeranmu dukan ƙarfe suka gada a kan uwar maƙera, ba su narkar da baƙin ƙarfe ya zama ruwa su zuba. Saboda haka tsohuwar tukunyar zubi mai ƙafa uku daga ƙetare ta zo. Wani Bature, Abraham Darby, shi ya sami izinin mallakar dabarar zuba irinta cikin yashi a Ingila a 1707. Daga baya masana'antu irin su Cannon, wadda aka kafa kusa da Bilston a 1826, da Falkirk ta ƙasar Sikotilan, suka yi ta aiko da su Afirka. Da hanyar jirgi ta haɗu a Kafancan a 1927, kayan kanti suka sami hanyar shigowa ƙauyukan nan.

To, yaya mutum zai gane ta ainihi? Da farko ya kife ta, ya kankare baƙin tukunyar da ke gindinta. Zai ga wani tabo, ko dai zagaye kamar cibiya, ko kuwa dogon layi siriri kamar tsagar fuska. Nan ne ƙofar da narkakken ƙarfe ya shiga, aka karye saura bayan ya huce. A kan ƙirar baya-bayan nan an fi mai da wannan ƙofa bakin tukunya a goge ta, don haka gindi mai tabo alama ce ta tsufa, ko da yake ba ya faɗin shekara. Sa'an nan ya bi gefenta da yatsa, zai ji ɗinki ya sauko daga baki ta ɓangare biyu, watau inda sassan mazubin suka haɗu. Lambar da ke jikinta ko kan murfi kuwa girma take nufi, a wasu ma yawan galan ne. Na ga ya kamata a nanata wannan, domin akwai masu ɗaukar lambar a kan shekarun tukunya.

Sunan masana'anta shi ne ya fi ruɗin mutane. Masu zubin tukwanen dalma, waɗanda a gaskiya alminiyum suke narkarwa daga tsofaffin kayan mota da gwangwanaye, sukan danna tsohuwar tukunya cikin damshin yashi su ɗauki siffarta. Da suna da lamba, har ɗinkin, duk sai su fito a jikin sabuwar. Amma haruffan kwafi ba su da kaifi, sai ka ce sabulun da aka fara wanka da shi, kuma kwafin yakan ɗan gaza uwarsa girma, saboda ƙarfe yana tsukewa in ya huce. In shakka ta rage, maganaɗisu ya raba gardama: yana kama baƙin ƙarfe, ba ya kama dalma. Ita dalma ba ta jan tsatsa, ba ta kuma da nauyi. Ban ce tukunyar dalma ba ta da amfani ba, ga araha ga saurin tafasa, illa dai kada a sayar da ita da sunan wata.

Abin da ke cinye tsofaffin yanzu shi ne 'yan gwangwan da ke bin ƙauyuka suna sayen ƙarfe a kan sikeli, ba ruwansu da Cannon ko Falkirk. Tukunyar zubi kuwa ba ta lanƙwasa, fashewa take yi kamar ta ƙasa, shi ya sa da ta tsage ake fid da rai a miƙa musu. Kafin a miƙa, a rataye ta a ƙwanƙwasa da ludayin ƙarfe. Mai lafiya za ta yi amo mai tsawo, mai tsaga kuwa sautinta a dushe yake, ita ma in tsagar ba ta kai gindi ba masu walda a Kafancan suna iya like ta da farin ƙarfe ko tagulla ta koma murhu.