Katangarmu Gajera Ce

Ƙawayena na ɗaki suna yawan tsokanata, wai ko mu biyu ne kaɗai a ɗaki sai na rage murya kafin in amsa waya. Na ce musu ba laifina ba ne, tarbiyyar katanga ce. A gidanmu na Ajingi, katangar da ta raba mu da maƙwabtanmu na gabas ba ta wuce kafaɗar babban mutum ba, tun wata damina da ruwa ya cinye samanta ba a sake ɗora ta ba. Ta yamma kuwa doguwa ce, sai dai akwai wata 'yar ƙofa da aka huda tun zamanin kakanmu don mata su riƙa ratsawa ba sai sun fita waje ba.

Ta gabas ɗin, a ɓoye muna ce mata Hajiyar Katanga. Tana da wani tsohon turmi da ta kife a gindin katangar, wai don ta riƙa hawa tana shanya kuɓewa. Shekara da shekaru ban taɓa ganin kuɓewar nan ta gama bushewa ba. Ta yamma kuma Gwaggon Ƙofa ce. Ba 'yar'uwar Baba ba ce, amma duk unguwa Gwaggo ake ce mata. Ita ba ta leƙe, shigowa take yi. Yau aron gishiri, gobe rariya, jibi ashana, kuma ba ta tashi sai ta ji ƙarshen maganar da ta tarar ana yi. A ƙofar gida kuma akwai Baba Mai Rediyo, wanda da safe yake sauraron BBC da DW, da yamma kuma ya watsa labaran unguwa da kansa.

Matsalar ita ce Hajiya da Gwaggo ba sa ga maciji. Wasu sun ce akuyar Gwaggo ce ta cinye waken da Hajiya ta shanya tun ina firamare, wasu sun ce a kan kuɗin adashi ne. Tunda ba sa shiga gidajen juna, ba su da wurin haɗuwa sai tsakar gidanmu. Duk biki, duk suna, duk Sallah, a kan tabarmar Inna ake buga wasan.

Bara matar yayana ta haifi ɗanta na fari, daidai lokacin da na gama SIWES. Na taso daga Kano ana gobe suna, na bi ta Wudil da Gaya, na isa gida da la'asar a gajiye. Ban ajiye jaka ba na ji murya daga sama: "Likita, an iso?"

Bari in yi bayani. Ni SLT nake karanta, wato fasahar ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Amma tun ranar da aka ga hotona da farar riga, magana ta ƙare, na zama likitar unguwa. Ranar sunan ma tsofaffi uku ne suka jeru: mai ciwon gwiwa, mai jiri, da wata da ta zo da takardar magani tun ta shekarar 2021. Da na ce ni aikina gwajin ruwa da ƙasa da duba ƙwayoyin cuta a na'ura, sai Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce, "Yanzu duk zaman da kike yi a Kano ko allura ba ki iya ba?"

Da asuba maza suka taru a ƙofar gida, liman ya raɗa suna, aka raba goro da dabino, aka yanka rago. Ragon bai gama shure-shure ba Baba Mai Rediyo ya fara lissafi da ƙarfi: nawa aka saye shi, nawa zai yi da an bari sai Juma'a an je kasuwar Wudil, da kuma yadda na sunan yayana ya fi wannan ƙiba. Yayana dai yana sunkuye yana murmushin dole.

A cikin gida kuwa Hajiya ta kawo waina cike da babban kwano, Gwaggo ta kawo funkaso. Inna ta jera su kusa da juna, ta tabbatar babu wanda ya fi wani matsowa gaba. Gwaggo ta ɗauki waina ɗaya, ta juya ta, ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Hajiya. Shinkafar bana ce ba ta tashi, ko?" Hajiya ta ce, "Ai gara wadda ba ta tashi ba da wanda ya sha mai kamar fitila." Aka kawo jariri. Hajiya ta ce ubansa sak. Gwaggo ta ce duk mai ido ya san kunnuwan nan na dangin uwa ne. Kakarmu ta karɓe shi ta ce ita dai mijin nan bai yi mata ba, ko kuɗin cefane bai zo da shi ba. Aka yi dariya, muka ɗan sami numfashi.

Bayan azahar, gida ya cika maƙil, sai Hajiya ta gyara zama ta kalli Inna. "Ni kuwa ɗan wajena da yake Kantin Kwari ya ce ya ga 'yarki a adaidaita sahu da sassafe, ita da samari biyu, ana ta dariya har da tafawa."

Tsakar gida ta yi tsit. Ni kuwa ludayin da ke hannuna sai da ya faɗi cikin kunu.

Maganar gaskiya ce, amma rabinta. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kowa a makarantar nan ya san yadda kuɗin adaidaita ya koma. Mu huɗu aka tura wuri ɗaya yin SIWES, sai muka riƙa haɗa kuɗi muna ɗaukar adaidaita guda: ni da ƙawata da wani ɗan ajinmu a baya, ɗaya kuma a gefen direba. A hanyar Kano zuwa Ajingi labarin ya yar da ƙawata.

Kafin la'asar magana ta isa zaure, kun san ta tashar da ta bi. Baffana, yayan Baba, wanda tun farko bai so aka kai ni poli ba, ya ce, "Ai na faɗa maka." A nan abin ya daina ba ni dariya. A layinmu 'yan matan da suka wuce sakandare ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma ina da ƙanne mata biyu da suke jiran su ga yadda tawa za ta ƙare. In aka ce na zauna, ba ni kaɗai aka zaunar ba.

Bayan magariba Baba ya kira ni. Na durƙusa a bakin ɗakinsa. Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi faɗa ciwo. Ya ce, "In abin da na ji haka yake, zangon nan ba za ki koma ba." Na buɗe baki, kuka ya riga magana fitowa.

Sai muka ji ƙarar 'yar ƙofar yamma. Gwaggo ce, kuma karon farko a rayuwata ba ta zo aron komai ba.

"Malam, gafara dai. Yarinyar nan su huɗu ne, har da mace 'yar'uwarta. Kuɗin motar da kake aika mata ne ba ya kai ta ƙarshen wata, shi ya sa suke haɗawa. Ta faɗa wa uwarta tun watan azumi, uwar ce ta ji nauyin faɗa maka."

Baba ya ce, "Ke a ina kika ji?"

"Duk daren Juma'a take kira, kuma uwarta a sifika take sa wayar. Ni kuma kunnena lafiyarsa ƙalau." Ta kawo sunan ƙawata, da garinsu, da unguwar da muke sauka, har da ranar da na ce takalmina ya tsinke. Wallahi wasu abubuwan ni kaina na manta na faɗe su. Sannan ta ƙara da cewa, "Shi kuma ɗan nata mai shago a Kwari, me ya tsayar da shi a titi yana ƙirga 'ya'yan mutane?"

Daga saman katangar gabas, cikin duhu, aka ce, "Ina jin ki dai!"

Baba ya yi iya ƙoƙarinsa, amma dariya ta ƙwace masa. Inna ta toshe baki da mayafi. Da ya natsu ya ce in tashi in je in ci abinci, gobe ma yi maganar kuɗin mota. Ya kuwa ƙara min.

Har yau ban san ko don ni Gwaggo ta yi ba, ko don ta kayar da Hajiya a gaban mutane. Na tambayi Inna, ta ce in bar tone-tone, wanda ya fitar da kai daga rijiya ba a tambayarsa igiyar wa ya ara. Ranar da zan dawo makaranta kuma, hannu ya miƙo ta saman katanga da ƙullin waina da naira dubu ɗaya. "Ki sha ruwa a hanya, Likita. Kuma ki riƙa zama ta gefe." Ba ta ce in yi haƙuri ba, ni ma ban ce na yafe ba. Na dai karɓa da hannu biyu.

Da kakar bana Baba ya sayo bulo zai ɗaga katangar. Ni na fi kowa murna. Inna ce ta hana. Ta tuna masa ranar da jiri ya kayar da ita a gaban murhu, babu kowa a gidan, zaninta dab da wuta. Wadda ta gani ta yi kururuwa har aka shigo, a kan turmi take tsaye tana shanya kuɓewa. Bulon yana nan a jibge a zaure, Baba Mai Rediyo ya mai da shi kujera.

Saura 'yan watanni mu gama, kuma Inna ta ce za a yi min 'yar walima. Hajiya ta riga ta aiko cewa waina tata ce. Gwaggo ta ce in dai an ga funkason wani a gidan nan, to ba ta numfashi. Ni kuwa ban faɗa wa kowa ba tukuna cewa ina son in dawo HND bayan shekarar IT. Na yanke shawarar yadda zan yi: daren Juma'a zan kira Inna, in ce ta sa a sifika.