Kwamfailar da Ba Ta Yarda da Ni Ba

Mu da muka fara rubuta manhaja kafin 2005 an shagwaɓa mu. In shirinka yana jan ƙafa ba sai ka wahalar da kanka ba, ka jira sabuwar kwamfuta ta fito, gudunsa zai ƙaru da kansa. Sai zafi ya taka wa masu ƙera firosesa birki. Intel ta soke firosesar Tejas a 2004, a 2005 kuma ita da AMD suka fito da masu ƙwaya biyu, Pentium D da Athlon 64 X2. A shekarar ne Herb Sutter ya gargaɗi masu rubuta manhaja cewa zamanin cin bulus ya wuce. Na karanta, na yi kunnen uwar shegu.

Ni dai fatana kwamfaila, wato manhajar da ke fassara shiri zuwa harshen na'ura, ta ɗauke mini nauyin, ta duba shirina ta raba wa ƙwayoyin aiki. Ashe sau da yawa ba za ta iya ba. A harshen C, manuni biyu na iya nuna wuri ɗaya a ma'adana, ita kuma ba ta da hanyar tabbatarwa. Duk inda ta yi shakka sai ta bar aikin a jere, ƙwaya ɗaya na gumi, sauran na zaune.

Shi ya sa OpenMP ya burge ni. An fitar da shi don Fortran a 1997, don C da C++ a 1998. Layi ɗaya za ka ɗora a saman madauki ka ce a raba, a raba ba tare da musu ba. Na gwada shi a wani shiri mai tara lissafin ciniki. Fankar kwamfutar ta ɗauki kuka, aikin ya ƙare kafin shayina ya huce, na ji kaina ya kumbura. Da na sake kunnawa sai jimilla ta canza. Na ƙara, ta sake canzawa. Abin da ke faruwa shi ne, ƙwaya biyu su karanta 100 a lokaci guda, kowace ta ƙara ɗaya, kowace ta rubuta 101, ɗaya ya salwanta ba wanda ya gani. Maganin yana cikin OpenMP ɗin: a ba kowane zare, wato kowane kason aikin da aka raba, jimillarsa, a haɗa a ƙarshe. Amma sai ka faɗa masa. Abin da ka ce shi yake ɗauka.

Ko an gyara wannan, akwai iyakar da Gene Amdahl ya nuna tun 1967: in kashi 10 cikin ɗari na aiki dole a yi shi a jere, ko ƙwaya dubu ka tara gudun ba zai wuce ninki 10 ba. Kamar gayya ce, kowa da kunyarsa, amma in rijiya ɗaya ce da guga ɗaya, a can layi zai taru.

Abin da ya fi yi mini wuyar haɗiya shi ne harshen Rust, wanda sigarsa ta 1.0 ta fito a 2015. Kwamfailarsa ba ta san girma ba. In zare biyu za su rubuta a wuri ɗaya ba kulle, sai ta ƙi fassara shirin, ta cika maka allo da jan rubutu, har ta ja layi ƙarƙashin inda ka kauce. Na yi ta tsaki, ina ganin yarinya ce ke gyara wa dattijo zama. A gaskiya ba ƙin nata ke ƙona mini rai ba, tambayar da take tilasta mini amsawa ce: wannan bayanin na wane ne, wa ke da ikon taɓa shi yanzu? Shekaru ina kauce wa tambayar nan.

Har yau ina amfani da OpenMP, musamman a lissafi mai nauyi, domin can ya fi sauƙi. Sai dai kafin in ɗora layin nan nakan ɗauki biro da takarda in jera kowane bayani da zaruruwan za su taɓa, in rubuta mai shi a gefe.