Na yi gaggawar yaba kwantiragin Wentz

A watan Yunin 2019 ƙungiyar Eagles ta birnin Filadelfiya ta tsawaita wa kwatabak ɗinta Carson Wentz kwantiragi da shekara huɗu a kan dala miliyan 128, sama da miliyan 107 daga ciki kuma an lamunce masa su. Ina cikin waɗanda suka ce an yi dabara. Da bakina na faɗa, na kuma yi ta musu da duk wanda ya ce da ma an dakata. Ban yi daidai ba, kuma har yau ina jin nauyin yadda na dage.

A ƙwallon Amurka babu matsayin da ya kai na kwatabak. Shi ne ke karɓar ƙwallo a kowane hari, ya karanta tsayuwar masu tsaron gida, ya yanke shawarar inda zai jefa cikin daƙiƙa biyu ko uku. Ƙungiyar da ta samu nagari takan riƙe shi gam. Hujjata ke nan a lokacin: farashin kwatabak kullum hawa yake, iyakar kuɗin da hukumar NFL ta yarda kowace ƙungiya ta kashe a kan albashi ma hawa take, don haka wanda ya biya yau ya samu araha gobe.

Abin da ya rufe mini ido shi ne kakar 2017. Wentz ya jefa ƙwallon maki sau 33 a wasa 13. Na ga wasan ƙarshe na wannan kakar tasa, a Los Angeles, cikin Disamba. Ya kwasa da gudu ya yi tsalle zuwa layin maki, 'yan Rams biyu suka matse shi ta ƙafafu, jijiyar gwiwarsa ta hagu ta tsinke. Bai fita nan take ba. Ya ƙara tsayawa a fili har ya jefa wa Alshon Jeffery ƙwallon maki, sannan ya taka zuwa ɗakin sauya kaya da tawul a kansa. Jarumtar na gani, na manta da gwiwar. Na kuma ƙi yin tunani a kan abin da ya biyo baya: mataimakinsa Nick Foles ya ja ƙungiyar nan har ta ci kofin Super Bowl a Fabrairun 2018. Da na tsaya na tambayi kaina, nasarar nan nawa ne na Wentz, nawa ne na jama'ar da ke kewaye da shi? A 2018 kuma ciwon baya ya sake katse masa kaka. Duk wannan a gabana yake lokacin da nake yabo.

Babban kuskuren ma ba a nan yake ba. Ban kula da cewa babu abin da ya matsa wa Eagles ba. Tun yarjejeniyar 2011 tsakanin 'yan wasa da masu ƙungiyoyi, sabon ɗan wasa yana shiga ne da kwantiragin shekara huɗu mai ƙayyadadden kuɗi, kuma idan a zagayen farko aka zaɓe shi, ƙungiya na da damar ƙara masa ta biyar. An yi wannan tsari ne bayan irin su JaMarcus Russell sun kwashi miliyoyi tun ba su buga ko wasa ɗaya ba. Wentz an zaɓe shi a 2016. Ke nan a 2019 saura shekara biyu cif yana hannunsu. Suna da lokacin da za su zuba ido su ga ko jikin zai riƙe, sai suka zaɓi cinikin biri a sama, ni kuma na tafa musu.

A 2020 komai ya wargaje. Abokan hamayya sun cafe ƙwallonsa sau 15, an kayar da shi da ƙwallo a hannu sau 50, a Disamba kuma aka zaunar da shi a benci aka sa Jalen Hurts. Farkon 2021 aka tura shi Indianapolis Colts. Shekaru huɗun da aka ƙara masa, sai a 2021 ne za su fara aiki, wato bai buga wa Eagles ko rana ɗaya a cikinsu ba.

A nan na koyi yadda lissafin yake. Kuɗin sa hannu ana biyan ɗan wasa ne a dunƙule, amma a littafin ƙungiya ana raba shi a kan shekarun kwantiragi. Ranar da aka rabu da shi, duk abin da ya rage sai ya faɗo a kan shekara guda. Eagles sun ɗauki dala miliyan 33.8 a 2021 saboda mutumin da ke sanye da rigar wata ƙungiya, a daidai shekarar da annobar korona ta sa iyakar albashi ta sauko daga miliyan 198.2 zuwa 182.5. Iyakar da na ce ba ta taɓa sauka ba, ga ta ta sauka. Wannan kuɗi da ya isa a riƙe masu kare kwatabak da masu karɓar jifa da dama.

Ban koma ina cewa kada a biya matashi ba. Kansas City sun ba Patrick Mahomes shekara goma a 2020, ba su yi nadama ba. Jared Goff, wanda Rams suka yi musayarsa a 2021 bayan irin wannan kwantiragi na miliyan 134, ya je Detroit ya farfaɗo. Abin da ya canza shi ne tambayoyin da nake fara yi kafin in buɗe baki: kaka nawa ya gama lafiya, nawa aka lamunce masa, a wace shekara ƙungiya za ta iya fita ba tare da ta karye ba. Da Giants suka ba Daniel Jones miliyan 160 a Maris ɗin 2023 bayan kaka ɗaya mai kyau, waɗannan na duba, na kuma ji tsoro. A Nuwamban shekarar jijiyar gwiwarsa ta tsinke, a Nuwamban 2024 suka sallame shi.