Bakan Gizo a Gefen Hoto

Duk wanda ya taɓa leƙawa ta cikin tsohon gilashin ƙara girma ya ga wani siririn layi, shuɗi ko ja, yana bin gefen abin da yake kallo. Asalinsa kuwa, farin haske taron launuka ne, gilashi kuma ya fi lanƙwasa shuɗi a kan ja. Saboda haka launukan ba su haɗuwa wuri guda, hoto ya fito da bakan gizo a gefensa.

Isaac Newton ya ɗauka cutar nan ba ta da magani, shi ya sa a 1668 ya ƙera na'urar hangen nesa mai aiki da madubi. Sai a 1758 John Dollond ya yi rajistar dabarar haɗa gilashi iri biyu, ɗaya na gyara kuskuren ɗaya. Dabarar ta yi aiki, amma ta jawo kauri da nauyi. Tudun nan da ke bayan wayar hannu, ruwan tabarau ne aka jera, wani bisa wani.

A Jami'ar Harvard ta Amurka, Federico Capasso da abokan aikinsa suka bi wata hanya dabam. Suka ɗauki faifan gilashi shimfiɗaɗɗe, suka dasa masa ɗimbin ginshiƙai na sinadarin titanium dioxide, tsawon kowanne bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Kowane ginshiƙi, gwargwadon siffarsa, yana jinkirta hasken da ya ratsa shi. Aikinsu irin na madugu ne: hasken da ya biyo ta tsakiya hanyarsa gajera ce, sai a tsayar da shi ya jira na gefe, domin ayari ya sauka zango tare. A 2018 suka nuna samfurin da ke tara launuka daga nanomita 470 zuwa 670 a wuri ɗaya.

Sai dai da sauran rina a kaba. Iyakar faɗin faifan, iyakar jinkirin da ake bukata, gajeren ginshiƙi kuwa ba ya iya riƙe haske da daɗewa. Don haka samfurin bai kai ko milimita ɗaya ba a faɗi.

Duk da haka, ƙanƙantar ba aibi ba ce a ko'ina. Likitan da ke zura kyamara cikin hanjin majinyaci siririn ido yake nema, wanda ba zai yi masa ƙarya game da launi ba, domin da launin nama yakan bambance lafiyayye da mai ciwo.