Sarki Biyu a Kwamfuta Ɗaya

Hausawa suna cewa ba a sarki biyu a zamani ɗaya. Amma a cikin kwamfuta ana yi. Mutum yana iya zuba manyan manhajoji biyu a kwamfutar cinya guda, watau Windows da Ubuntu, kowace da nata sashe. Windows kowa ya san ta. Ita kuwa Ubuntu ta fito a 2004, reshe ce ta Linux, wadda wani ɗalibi a ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara a 1991. Kyauta ake samunta.

To, yaya suke zama lafiya? Ku ɗauki faifan ajiyar kwamfuta kamar gida mai ɗakuna da yawa da zaure ɗaya. A zauren akwai mai iso, sunansa GRUB. Da an kunna kwamfuta shi ne zai fara fitowa, ya tambaye ka wurin wa ka zo, sa'an nan ya kai ka. A tsofaffin kwamfutoci, farkonsa yana zaune ne a bakin faifan, wuri ɗan mitsitsi mai bayit 512 kacal. Sauran jikinsa kuwa yana can cikin ɗakin Ubuntu, kuma da lamba yake gane ɗakin.

Irin wannan kwamfuta ce a gidan kawuna a Argungu. Kawu shi ne magatakardan ƙungiyar manoman shinkafa ta unguwarsu. A ɓangaren Windows yake rubuta wanda ya karɓi taki bashi da buhun da zai biya bayan girbi. Ɗansa, Yayanmu, yana karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, shi ya zuba Ubuntu domin aikin makaranta.

A hutun da ya wuce, saura kwana uku a yi taron biyan bashi, Kawu ya kai ta wurin wani mai gyara don a ƙara masa wurin ajiya. Mai gyara ya ga wani sashe babu komai a ciki, sai ya goge shi. Da aka sake kunnawa, allo ya yi baƙi ƙirin, ba komai sai wasu kalmomi, "grub rescue". Ba Windows, ba Ubuntu. Mai gyara ya ce magani ɗaya ne, a wanke ta kakaf a sake zubi.

Kawu ya dawo gida jiki a sanyaye. Ya ce da ni, "Ɗan nan, mutum arba'in da ɗoriya ke cikin abin nan. In rubutun ya ɓace, wa zai yarda da bakina?" Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri kada a wanke ta tukuna. Kayan suna nan, hanya ce ta ɓace." Abin da malaminmu ya koya mana ke nan a ƙungiyar kwamfuta. Yaya kuwa yana tsakiyar jarrabawa, sai ta waya muka yi magana da dare.

Ga abin da ya faru. Mai iso ya saba zuwa ɗaki na shida. Da aka rushe na biyar, sai na shida ya koma na biyar. Shi kuwa yana ta neman na shida, bai same shi ba, ya tsaya cik a zaure. Tun da ta hannunsa ake shiga ko'ina, kowa ya rasa hanya.

Yaya ya ce, "Ƙanena, rubuta ls." Na rubuta, sai ta jero sassan da suka rage. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da umarnin nan har na sami wanda ke ɗauke da kayan GRUB, na biyar. Da umarnin "set prefix" na nuna masa sabon wurin. Na bi da "insmod normal", sa'an nan "normal". Nan take jerin zaɓi ya bayyana. Amma wannan gyaran na yini ɗaya ne, da an kashe zai manta. Saboda haka na shiga Ubuntu na ba da "grub-install" da "update-grub", don ya riƙe sabuwar lambar. Muka shiga Windows, ga sunaye da buhuna cif, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Kafin mu kwanta na kwafe su a filashi, Kawu kuma ya sa aka buga a takarda. Aka yi taro lami lafiya.

'Yan'uwana ɗalibai, ba kullum cutar take zuwa ta wannan hanya ba. In aka zuba Windows bayan Ubuntu a tsohuwar kwamfuta, takan ɗora nata mai ison a bakin faifan, sai a tashi kwamfutar da filashin Ubuntu a mayar da GRUB. A sababbin kwamfutoci masu tsarin UEFI kuwa, kowane mai iso yana da mazauninsa a wani ƙaramin sashe, sau da yawa jerin wanda zai fara fitowa ne kawai ke sauyawa, a gyara shi cikin saitin farko. Har ila yau, tun daga GRUB 2.06 na 2021, wani lokaci sai an kunna "os-prober" kafin ya ga Windows.

Ku kuma iyayenmu, in allo ya yi baƙi kada ku yi saurin yarda a wanke. Ku fara tambaya, me aka taɓa na ƙarshe? Ku sa a kwafe muhimman takardu kafin kowane gyara, domin rigakafi ya fi magani. Kuma ku bar mu mu riƙa zama ajin kwamfuta bayan an tashi. Ba wasa muke yi a can ba. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.