Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Yau ba ci gaban labari na kawo muku ba, kuskurena na zo na tona.

A wani littafina na sa jarumin ya samo sabuwar ƙaramar bindiga da rana, da dare 'yan fashi suka shigo, ya zaro ta daga kwali ya tarwatsa su. Ƙanena da ke Hustin ta jihar Teksas a Amurka ya karanta, sai ga wayarsa. "Yaya, wallahi kin kashe jarumin nan ba ki sani ba."

Shi kwana yake yi a shagon wani gidan mai. A jihar tasu tun 2021 doka ta yarda baligin da ya cancanta ya ɗauki ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba, ba kamar nan Najeriya ba da dokar makamai ta 1959 ta sa ta cikin makaman da sai da izinin shugaban ƙasa. Bayan an yi fashi a shagon da ke kusa da su sai ya sayi tasa, ya ajiye, yana jin ya tsira. Wata biyu bai taɓa ta ba, sai da abokin aikinsa ya ja shi filin koyon harbi. A harbi na uku ta cije, kwanson harsashi ya maƙale, ya ja kunama shiru.

"Yaya, nan take gumi ya karyo min. Na tuna dare nawa na yi ina taƙama da ita."

Ashe sabuwar bindiga tamkar sabon keken ɗinki ce, ƙarafanta ba su saba da juna ba. Sai an goge man da ta zo da shi daga masana'anta, a sa mata sabo, a yi ta harbi har ta saki jiki. Kamfanin Kahr ma harsashi 200 ya ce a fara harbawa kafin a amince da tasa. Kuma dole a gwada ta da irin harsashin da za a dogara da shi, hannun mai ita ma ya saba.

Na gyara babin. Amma daren nan ban runtsa ba, ina lissafin wata biyun da ɗan'uwana ya yi yana gadin ransa da abin da bai gwada ba. Har yau addu'ata kada Allah Ya kawo ranar da zai zaro ta.

Mu haɗu a babi na gaba in Allah Ya kai mu.